Ranar Da Na Lumshe Ido Da Ƙwallo A Hannu

Na haura arba'in, ina da rumfar atamfa a Kantin Kwari, amma wani fim ɗin katun na Japan na 'yan ƙwallon kwando ya tafi da hankalina. A cikinsa, idan jarumi zai yi jifan ƙarshe, duniya tsayawa take cak. Sai ya lumshe ido, ya tuno abokansa da wahalar da suka sha tare, sannan ya jefa, ƙwallo ta faɗa raga.

Ranar da mu 'yan Fagge muka kara da 'yan Sabon Gari, su Chinedu abokina, a wasan ƙwallon kwando, jifa ɗaya ya rage mu yi nasara. Ƙwallo ta zo hannuna, ba kowa a gabana. Na ce yau ranata ce. Na lumshe ido. Na gan mu muna yara muna jefa lemon tsami cikin bokiti, iska mai daɗi tana kaɗawa, har wani kiɗa nake ji. Can nesa, kamar a mafarki, kyaftin ɗinmu yana ihu, "Alhaji, jefa mana!"

Da na buɗe ido, hannuna wayam. Ashe Chinedu ya zare ƙwallon a hankali, har da ce mini "Sannu, Alhaji," ya je ya cinye mu.

Har yau, in mai saye ta tambayi farashi na ɗan yi shiru, sai maƙwabtan rumfa su ce, "Hajiya, yarinta yake tunowa. Ɗauki atamfar ki tafi, ba zai gani ba."