Gyaran Famfon Jirgi a Kan Ciyawa

Ina ganin, idan ban yi kuskure ba, laifin digirina ne. Alhaji Sani, abokin mahaifina da ke zaune a Summerfield, can ƙasar waje, ya sayi ƙaramin jirgin ruwa zai kai iyalinsa teku bayan Sallah, sai famfon da ke jawo ruwa ya sanyaya injin ya kama yoyo. Ya ce, "Ga mu da injiniya a gida." Na ce na kwamfuta ne, amma wataƙila a hankali na faɗa.

Na kalli bidiyo, na sa safar hannu, na canja roba, na ɗaure kowane noti, na sake dubawa. Sannan na tayar da injin a nan filin ciyawar gidan Alhaji, jirgin yana kan tirelar da ake jan sa da ita.

"Alhaji, duba! Ko ɗigo babu."

Hajiya, matar Alhaji, ta leƙo ta taga. "Ɗana, a kan ciyawa wane ruwa zai zuba?"

Kafin in amsa, ƙaurin roba ya tashi. Famfon ya ƙone ƙurmus saboda rashin ruwa, Alhaji yana watsa masa ruwan buta. A falo yara suka yi yawon Sallah.

Har yau, duk butar da ta yi yoyo a masallaci, sai wani ya ce, "A kira Injiniya ya juye ruwan, ta warke."