Takalma a Bakin Ƙofar Lakwal

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Tanut ba, ko da hankalina zai zube ɗaya-ɗaya kamar haƙoran nan nawa.

Jikata Zeinabu ta tsiro da wata ɗabi'a. A tashi daga lakwal, makarantar bokon nan tasu, ita ba ta dawowa gida sai la'asar sakaliya. Wai taruwa suke yi a ɗakin karatu, wanda ya gane ya kama wa wanda bai gane ba. Ga damin gero jibge a tsakar gida, ba mai sussuka. Na ce to, yau da ƙafata zan je in ɗauko ta, ita da ɗakin nan kuma sai a lahira.

Na isa. Takalma birjik a bakin ƙofa, ciki tsit. Yara zaune gungu-gungu a kan tabarmi, kai a sunkuye, wasu sun zuba tagumi. Mushe, malaminsu, yana tsaye a gefe ya rungume hannu. (Ni dai tun da aka yanke mini cibi a Damargu, ban taɓa ganin yara sun taru sun yi shiru ba sai in an yi rashi.)

Na haɗiye faɗan da na zo da shi, na gyara lulluɓi, na durƙusa gaban Mushe.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai, ya sa can ta fi nan."

Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi: "Fatiha!"

Tsohuwa ta ja fatiha, wa zai ƙi? Yara duka suka ɗaga hannu, har shi Mushen. Na yi addu'a doguwa, na haɗa da iyaye da kakanni, har ƙwalla na matse. Aka shafa.

Sannan na sassauta murya. "Ɗana, wa ya rasu?"

"Iya, kowa lafiya lau. Lissafi ne ya gagare su, suna tunaninsa tare."

Daga bayan wani littafi sai ga muryar Zeinabu: "Kaka, ƙara mana wata, har yanzu bai fito ba."

Na miƙe da ɗan mutuncin da ya rage mini, na fita ban waiwaya ba.

Zeinabu na nan tana zuwa ɗakin karatunta har yau. Wa zai je ɗauko ta? Ni ko kasuwa za ni, ta bayan masallaci nake zagayawa, don kar in bi ta ƙofar lakwal. Abu ɗaya na ƙaru da shi: yanzu ko makara na gani a ƙofar gida, sai na tambaya tukuna kafin in fara kuka.