Yadda Za Ki Rasa Takwara da Motar Lantarki

Ke da ɗanki ya saya wa motar da ba ta shan mai, matso kusa. Habsa ta Galma ce ke koyarwa, kuma ta gwada da kanta. In kika bi matakan nan, ko gardama babu, jikarki za ta tashi da sunan wata.

1. Fara da baki

Ranar da ɗanta Shamsu ya aiko da motar daga wurin haƙar zinariya, Habsa ta zagaye gari sau uku, direba na ja, ita tana gaishe da mutanen da ta riga ta gaisar. Ki yi haka. Ki tsaya gaban maƙwabci mai amalanken jaki, irin Ango, ki ce: "Ango, naka har yanzu hakin shika ci? Tawa rana taka sha." Ki faɗa da ƙarfi. Za ki buƙaci jakin nan gaba.

2. Riƙe sunan a ciki

Jamila matar Shamsu ta haihu gidan iyayenta a Tama. Shamsu ya ce ta waya: "Inna, sunan na hannunki, ke za ki kai wa liman." Daga nan rezo, wato layin waya, ya ɗauke shi. Habsa ta zaɓi suna mai kyau, Habsa, ba ta gaya wa kowa ba. Mai hankali ba ta raba asirinta da surukai.

3. Adana motar kamar kwalla

Kwana shida kafin suna, zuba turamen zane, goro da dabino a ciki. Rufe. Lulluɓe ta da tabarmi. In direba ya ce a riƙa tada ta, ki ce: "Ka taɓa ta, in taɓa ka." In ya ce allonta ya nuna kamfani na aiko gyara ta iska, wai mizajur, ki ce su aiko, kyauta ce.

4. Jajibirin suna, ja ƙofa

Ba za ta buɗe ba. Ja kuma. Makanise, mai gyaran mota, zai zo daga Madawa, ya leƙa, ya ce babban batiri cike yake tim, amma akwai wani ƙarami, shi ke buɗe ƙofa, shi ke tada babban. Tun da gyaran nan ya shiga, motar ba ta yi barci ba, tana ta hira da kamfani har ta tsotse ƙaramin.

"Hira da wa? Cikin gidana? Ni ban ji ba?"

"Inna, ba a ji."

"To buɗe min goro na!"

Sai jibi, in ji shi, in ya samo batirin.

5. Kada ki buga waya Tama

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin. Direba zai ce ki kira, ki faɗi sunan, shi ke nan. Ki ƙi. Surukai su ji motar Habsa ta mutu? Ki tsaya zagin motar har motocin kasuwa su wuce duka.

6. Sallama wa Ango

Da sassafe ranar suna. Zai ce: "Hajiya, taki ba ta sha rana ba yau?" Ki haɗiye. Hau amalanke, ragon suna a cinyarki, hannu babu ko ƙwayar goro.

Habsa ta isa Tama da la'asar. Liman ya jira har hantsi, an aro wani rago, ya tambayi suna. Dangi suka dubi juna. Kakar yarinya ta wajen uwa, Cima, ta yi tari ɗan kaɗan.

An sa wa yarinya Cima.

7. Nemi haƙƙinki

Kira kamfani. Wata mai sanyin murya za ta ce a yi haƙuri, za su sake aiko gyara ta iska. Habsa ta ce: "Ɗiyata, ku da kuka iya shiga gidan mutum ba sallama, ku aika Tama ta iskar, ku gyara sunan." Aka kashe waya. Tana kira kowace Litinin, sun san muryarta.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi wannan ta rasa takwara, babu ruwan Habsa, babu ruwan jaki. Kamfani ma ya ce babu ruwansa. Mai ƙorafi ta same ta a Tama. Tana can goye da jaririyar, ta ƙi ba kowa, tana kiranta "ke yarinya".