Rasuwar Alƙali, Agogon da Ya San Barau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Mai kowa Mai komai, iyalan Malam Barau Yasore, tsohon masinja a Sashen Na'urori na jami'a, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Batsari, Safana, Zakka da kewaye, rasuwar abokin aikinsa na shekara ashirin da tara, wato agogon buga kati da ma'aikata suka fi sani da Alƙali. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a cikin sito, a hannun Malam Barau, bayan jinyar da ba wanda ya san yana yi.

Ga wanda bai san marigayin ba, dogo ne, baƙi, jikinsa katako, cikinsa ƙarfe. Daga wani tsohon kamfanin auduga aka kawo shi tun jami'ar tana kwaleji, aka kafe shi a bangon shiga sashe. Aikinsa ɗaya ne tak. Ma'aikaci ya iso da safe, ya zura katinsa a bakin marigayi, ya danna hannun ƙarfe, sai a ji ƙarap! Lokacin da ya iso ya fito a jikin kati da shuɗiyar tawada. In ka zo bakwai, bakwai zai rubuta. In ka zo tara, ko kai surukin shugaba ne, tara zai rubuta. Dalilin laƙabinsa ke nan. Bai taɓa cin goron kowa ba. Bai san a ɗauke wuta ba balle a kawo, don abincinsa murɗin makulli ne sau ɗaya a mako, da ɗigon mai in an shiga damina. Tsakanin wannan da wancan ba ka jin komai daga gare shi sai ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar dattijo na jan carbi.

Malam Barau ne ke ciyar da shi. Kowace Litinin, ya dawo daga Yasore da ƙurar gona a ƙafa, kafin ya buɗe ofishin kowa sai ya ciro makullin daga aljihun ƙirji, ya dafe shi da babban yatsa, ya murɗa sau goma sha huɗu. Makullin da tauri, sai namiji ya cije. Tun shekarar da wani akawu mai karambani ya zarce murɗi har marigayi ya yi mako uku a kwance, Malam Barau ya rantse hannun wani ba zai sake taɓa makullin nan ba. Ya cika rantsuwarsa. Za ku ji inda ta kai shi.

Ciwon ajali ya faro ne bara, da aka kawo sabon darakta, Dakta Nu'uman, aka ce ya gyara sashen. Gaskiya ba ta neman ado: ya yi aiki. Ya raba sashe gida uku, masu kula da intanet daban, masu jarrabawar kwamfuta daban, masu gyara daban. Ɗalibai sun daina layi a rana don ganin sakamako, kowa na gani a wayarsa. Takardar da kan yi wata tana yawo daga tebur zuwa tebur ta koma isa kafin shayi ya huce. Ya tono sunaye goma sha ɗaya na ma'aikatan bogi, biyu daga ciki sun daɗe a kabari. Iyalan Alƙali ba su riƙe darakta da komai ba. Zamani riga ne, wanda ya ƙi sawa ya tafi tsirara.

Sai dai bangon da marigayi ke kai, ta nan aka ga wayoyi za su bi. Aka cire shi aka kai sito, tsakanin tafireta da karyayyun kujeru. A gurbinsa aka liƙa wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Ka ɗora yatsa, in ta san ka ta nuna kore, in ba ta san ka ba ta nuna ja, wata mace ta yi magana da Turanci daga ciki. An fassara wa Malam Barau cewa tana nufin a sake gwadawa.

Ya sake. Ya sake da hagu. Injiniya Mahfuza, wadda aka ɗora wa kula da na'urar, ta bi yatsunsa goma ɗaya bayan ɗaya, ja, ja, ja. Ta juya tafinsa tana dubawa, ta ce, "Baba, ai zanen ya shafe. Me kake yi da hannun nan?"

Ya ce, "Abin da ubana ya yi da nasa. In ta fi son na ƙafa, bari in cire takalmi."

Shekara hamsin na ƙotar fartanya sun goge yatsun Malam Barau sumul kamar bayan ludayi. Wata uku yana zuwa kafin kowa, ya buɗe ƙofofi, ya share gaban na'urar da kansa, ita kuwa kullum tana rubuta bai zo ba. A duk watannin nan bai fasa shiga sito ba. Ya murɗa makulli, ya buga katinsa. Da kati ya ƙare, ya riƙa yanka kwalin sabulu daidai bakin marigayi. Ƙarap! Nan kaɗai aka san ya zo.

Da sunansa ya faɗa cikin waɗanda kwamiti zai tantance, saura shekara biyu ya yi ritaya, ya kinkimi katunansa ya kai wa darakta. Dakta Nu'uman ya miƙe tsaye ya karɓe shi, ya ce, "Baba, wallahi na san kana zuwa, kai ke buɗe mini ofis. Amma in na buɗe maka ƙofa da kwali, gobe mutum ɗari za su shigo ta nan, har da waɗanda muka kora. Sai na'ura ta yarda."

Injiniya Mahfuza ce ta kawo shawara, kuma da kyakkyawar niyya ta kawo ta. Ta ce fata na tsirowa. In zai huta da hannun mako shida, kada ya riƙe abu mai tauri, ya riƙa shafa man kaɗanya safe da yamma, wataƙila zanen ya dawo kafin ranar tantancewa. Malam Barau ya lissafa, ya ga kwana arba'in ke nan da 'yan kai. Ya kuma ɗaga kai ya dubi sama. Ruwa ya riga ya zauna, gero ya tsiro, lokacin noman farko ne. Kowa ya san yadda 'yan shekarun nan suka bar mu. Gonakin nesa sun gagara zuwa saboda rashin tsaro, ta bayan gari kaɗai ta rage masa, ita ce tuwon gidan.

Ya zaɓi yatsa.

Jama'ar Yasore shaida ne. Kowace Juma'a ya sauka daga a-kori-kura da hannu a naɗe cikin tsumma, mai ɗakinsa Saude ta sake shafe su da mai ta mayar. Mutane na wucewa gona da fartanya a kafaɗa, shi yana zaune a dakali, hannu biyu a cinya. Taubashinsa Tayyib ba ya wucewa sai ya tsaya ya ce, "Amarya, lallen bai kama ba har yau? Yaushe za a kai ki, mu zo cin gara?" Da can Malam Barau ba ya barin bashin baƙar magana ya kwana. A kwanakin nan sai dai ya gyara tsumman hannunsa, bashi ya yi ta kwana. Harkiya ta taso ta kai gwiwa, ta wuce, gero ya yi rawaya a ƙarƙashinta. Yana ganin gonar daga inda yake zaune. Saude ta shiga da kanta ta yi abin da ƙarfinta ya kai, kunya shida.

Saura makulli. Murɗa shi aikin babban yatsa ne, irin wanda aka hana. Mai gadi ya ce a ba shi ya murɗa, Injiniya ma ta ce ta iya. Malam Barau ya dafe aljihu ya ce rantsuwa ba rigar aro ba ce. A ransa ya ce agogo ne, zai tsaya ya jira, in an gama da wannan 'yar na'ura sai a tashe shi. Ranar kwana na takwas ya wuce ta ƙofar sito ya kasa kunne, bai ji ƙyas ba. Daga ranar ya canza hanya, don ba zai iya ganin fuskar Alƙali a tsaye ba. Shi ya sa bai san kwanon rufin sito ya huje daidai kan marigayi ba. Ruwan damina ya yi wata guda yana ɗiga a cikinsa.

An ce kada ganin hadari ya sa ka zubar da ruwan tulu. Ba a faɗi wannan don zargi ba. An faɗa ne don na baya su ji.

Ranar tantancewa aka kwance tsumma a gaban kwamiti. Hannun ya yi laushi, ya yi sheƙi, har shugaban kwamiti ya ce ma sha Allah. Malam Barau ya ɗora babban yatsa. Ja. Matar nan ta ce a sake gwadawa. Injiniya Mahfuza ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta hura masa iska a yatsa, ta danne da nata hannun. Ja. Sau tara. Ta juya baya ta daɗe tana kallon bango.

Daga nan Malam Barau bai zame ko'ina ba sai sito. Ya tarar da katako ya kumbura, tsatsa ta zubo ta bakin kati kamar jini ya bushe. Ya zura makulli ya murɗa ɗaya, biyu. A na uku aka ji tas! Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinsa, ya tsinke, makulli ya riƙa juyawa a banza. Hannuwan marigayi na kan bakwai saura kwata, lokacin da Malam Barau kan iso kullum. Bai yi kuka ba. Ya zauna a kan karyayyar kujera har aka kira azahar.

Bayan kwana uku takarda ta fito, cewa ba a iya tabbatar da samuwarsa a wurin aiki ba, don haka an cire sunansa. Akawu ya kawo masa ita har hannu, ya buɗe 'yar tawada ya ce ya dangwala a littafi, shaidar ya karɓa. Ya dangwala. Abin ya fito baƙi kirim, ba zane ko ɗaya. Akawu ya duba ya ce, "Ya yi, Baba." Yatsan da bai isa shaidar zuwa ba, ya isa shaidar tafiya.

Dakta Nu'uman ya cire marigayi daga kayan da za a ba 'yan gwangwan, ya ce, "Ɗauke shi, Baba, naka ne." Allah ya saka masa. An kawo gawar a bayan a-kori-kura tsakanin buhunan taki. Ranar kasuwa aka biya da ita wurin Almustapha mai gyaran agogo a Batsari. Ya buɗe baya, ya leƙa, ya mayar ya rufe a hankali, ya ce masu ƙera irin wannan sifirin sun riga shi tafiya. Shure-shure ba ya hana mutuwa.

Marigayi ya rasu ya bar makulli ɗaya, da katuna cikin buhu uku waɗanda ba wanda zai karanta. Ya bar ƙanwarsa tafireta a sito, ita ma jikin ba daɗi, da ramukan ƙusa huɗu a bango da aka ce za a shafe da fenti kafin ɗalibai su dawo. Ya kuma bar Malam Barau, wanda ke amsa gaisuwa, yana cin abin da aka ajiye masa, in aka tambaye shi ya haƙuri sai ya dubi hannunsa.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma gaskiyarsa. Ba wanka, ba likkafani. Za a jingine marigayi a zauren gidan Malam Barau, fuskarsa na kallon ƙofa, yadda ya saba. Ba za a shimfiɗa tabarma ba, kada kowa ya wahalar da kansa da goro. Zaman makoki a gonar bayan gari za a yi shi, ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Duk mai niyyar ta'aziyya ya zo da fartanyarsa, ko a ceci abin da harkiya ta rage, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata za su kawo fura. An ware wa Tayyib kunya ta kusa da ƙaya. Mai rashi zai riƙe tasa fartanyar da kansa, tunda yanzu ba abin da yake tattalin yatsa dominsa.

Za a fara ƙarfe bakwai saura kwata. Ba za a rubuta sunan kowa ba. Wanda ya zo, an gan shi.

Sanarwa daga Mamman Yasore, yayan mai rashi, a madadin iyali.