Injin Likitan Haƙori da Babbar Rigar Kallamu

"Gwaggo, ni fa inji ko a cikin kwali yake, in na kara kunnena zan faɗa miki shekarunsa, da ciwon da ke damunsa, da abin da ubangidansa ya ci ranar da ya saye shi."

Kallamu ke nan, mijin 'yar ƙanena. A wani gidan abinci na unguwar Xiaobei ya yi wannan maganar, bakinsa cike da taliya, jikinsa cikin babbar riga mai aska takwas, a zafin Guangzhou ta ƙasar Sin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Ku da ba ku san shi ba, ku gode wa Allah. Duk iliminsa na inji daga wuri biyu ya samo shi: ya taɓa yin wata huɗu a Kwatano yana riƙe wa dillalan mota makullai, sannan yana da ƙaramin janareta a gidansa na Kurna. A kan wannan ya buga kati da harshe uku, kowanne yana cewa Injiniya.

Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya ina zuwa garin nan sarin tukwane da kuloli. Ban shiga aji ba. Lissafi a kasuwa na koye shi, karatu a jikin kwalaye. Abin da ya haɗa ni da Injiniyan Taliya shi ne garinmu, can ƙetaren kogi a ƙasar Yawuri. Injin jirgin fitonmu ya mutu tun bara. Ƙanwata Fasuma ce ungozomar garin, kuma in haihuwa ta yi gardama sai an yi awa biyu ana tuƙi da filafili kafin a kai mace asibiti. Aka ce in nemo inji na hannu mai lafiya, in sa shi a kwantenar Souleymane, ɗan Damagaram ɗin da ke yi mana lodi. Ranar Alhamis za a rufe ta, kuma ita ce ta ƙarshe da za ta isa gida kafin kogi ya cika. Sai dattawan gari suka bugo waya suka ce mace ba ta sayen inji ita kaɗai, in tafi da namiji wanda ya san kan abin. Suka ba ni Kallamu. Allah ya yafe musu, ni dai ban gama ba tukuna.

Ranar Litinin Souleymane ya kai mu Nansha, wani wuri a bakin ruwa inda masu hali ke ɗaure jiragen shaƙatawa. Jirage ne farare tas, sun fi ɗari, kowanne an lulluɓe shi da tamfol, babu mai motsi ko ɗaya. A nan muka sami Dakta Fong, wani tsohon likitan haƙori, siriri, da hular kaba. Injuna biyu ne tagwaye a bayan jirginsa, yana so ya cire su ya sa sababbi. Souleymane ne ke mana tafinta.

"Nihaw, lawban!" in ji Kallamu, da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye. Wato sannu maigida; iyakar Sinancinsa ke nan, sai "meyo", wato babu. Ya zagaya injin sau uku, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai zaɓen kankana, ya shinshina. "Shekararsa nawa?"

"Takwas," in ji Souleymane.

"Awa nawa ya yi aiki?"

Dakta ya nuna wata 'yar mita mai kama da agogo. Shi injin jirgi ba a auna masa nisan tafiya kamar mota, awannin da ya yi yana aiki ake ƙirgawa. Mitar ta ce ɗari uku da sha biyu.

Kallamu ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace. "Gwaggo, kin gani? Da ke kaɗai kika zo da an yanke ki! An mayar da mita baya. A Kwatano da idona na ga motar da ta yi tasi shekara ashirin, aka murɗa mata lamba ta koma jaririya. Ɗari uku da sha biyu! Jirgin fitonku a wata biyu zai cinye wannan."

A nan ɗaya ya yi gaskiya, kafin injinsa ya mutu jirginmu awa shida yake yi kullum. Na lissafa a kaina: ɗari uku da sha biyu a raba takwas, talatin da tara a shekara. Na ce Souleymane ya tambayi likita me ya sa.

Dakta ya yi bayani a natse. Ya ce duk jiragen nan haka suke, wanda ya fi ƙoƙari shi ne mai yin awa hamsin zuwa ɗari a shekara. Wata da watanni ruwan sama ne da guguwa, in gari ya yi kyau kuma jikoki sun zo. In ya samu fita, rabin awa yake tafiya, ya kashe inji, ya jefa ƙugiya ya zauna har yamma. In ya kama kifi ya ɗauke shi hoto ya mayar da shi ruwa.

"Ya mayar da me?" in ji Kallamu.

"Kifin, Alhaji," in ji Souleymane.

"Ya kama da hannunsa, ya mayar? Gwaggo, mutumin da zai yi ƙarya a kan kifi, mita ce zai ji tsoro?"

Ni kuwa na dubi hannun likitan, laushi kamar na jinjiri. Na dubi kujerun jirgin, ledarsu ma ba a gama ɓarewa ba. Na san masu kuɗi, ko'ina halinsu ɗaya: su sayi abu don maƙwabci ya gani, su rufe shi da tamfol.

Kallamu bai tsaya nan ba. Ya hango wani inji can gefe da wani masunci ya yasar, tsatsa ta cinye shi, an ce ya yi awa dubu bakwai. Ya rungume shi kamar ɗan'uwansa da ya dawo daga Makka.

"Ga inji! Wannan ya ga duniya, ya san hanya. Ko ba direba zai kai mutum gida. Wancan kuwa, ko da gaske ne awanninsa, ai sangartacce ne. Injin da ya saba hutun wata goma sha ɗaya a shekara, in ya je ƙauye ranar farko zai tambayi ina ne ɗakin hutawa."

"Kallamu," na ce, "saki ƙarfen mutane kada ya sa maka ciwon sarƙe haƙora."

Likita ya ce mu hau jirginsa a gwada injin. Injiniya ya riga kowa shiga, ya tsaya a gaba yana gyara riga kamar gwamna. Minti biyu, fuskarsa ta koma launin miyar kuka. Ya durƙusa, ya kwanta, ya riƙe ƙafata.

"Gwaggo, ki ce wa matata na yafe mata. Mun kai tsakiyar teku ne?"

"Igiyar ma ba a kwance ba, ɗan nan."

Aka sauke shi aka shimfiɗe a kan benci. Mu muka zaga ruwa da likita, injin yana tafiya sumul, sautinsa kamar kyanwa ta ƙoshi. Na sayi guda ɗaya. Da za mu rabu likita ya maimaita magana ɗaya sau uku, har ya zana ta a takarda ya manna a jikin injin: kada a tayar da shi in ba a cikin ruwa ba, domin ruwan da yake zuƙowa ta ƙasa shi ke sanyaya shi.

"Meyo matsala," in ji Kallamu daga kan benci.

Ni kuma na ja Souleymane gefe, na ce ya roƙi likita kada ya sayar da ɗan'uwan injin sai bayan Alhamis. Ya tambaye ni dalili. Na nuna masa benci.

Talata ta wuce lafiya, sai dai ƙorafi. Injiniya ya ce gwajin da aka yi bai halatta ba tunda masani bai gani ba. Laraba da hantsi muka fita da Souleymane karɓo takardun kaya, muka bar injin a sitonsa, a rataye jikin wani katako, ana jiran kafinta ya yi masa akwati. Muna dawowa, tun daga bakin layi muka ji ruri kamar jirgin sama ya ɓata hanya ya shiga sito.

"Wayyo, moter!" Souleymane ya jefar da takardu ya ruga.

Abin da muka tarar, in ba da idona na gani ba, da rantsuwa ma ba zan yarda ba. Kallamu ya aro batir, ya sayo fetur, ya tayar da injin a busasshiyar ƙasa. Ya kafa masa fanka a gefe kamar yadda yake wa janaretansa na Kurna. A gabansa kuma ya ajiye kwanon sha cike da ruwa, da buta.

"Kashe shi, Alhaji! An ce sai a ruwa!"

"Ga ruwa nan a gabansa, in yana so ya sha!" Kallamu yana ihu don a ji shi. "Ku matsa! Sirrin Kwatano ne! In aka matsa wa inji wuta, mita takan tsorata ta amayo lambar gaskiya. Yanzu za ku ga dubu tara!"

"Kallamu, in ka bari na ƙaraso wurin nan…"

Ban rufe baki ba ya danna wani hannu yana neman ƙarin wuta, ashe giya ya sa. Farfela ta ɗauka. Iskarta ta fara da kwalayen gashin kanti na wata 'yar Kumasi, gashi ya tashi sama kamar jemagu. Sannan ta kama bakin babbar riga. Jama'a, riga mai aska takwas, wadda aka yi wata uku ana ɗinkawa a Zariya, farfela ta naɗe ta kamar mai naɗe tabarma. Kallamu ya juya sau biyu, ya ɗaga hannu, rigar ta fice ta kansa har da 'yar ciki da rabin wando. Ya tsaya a tsakiyar sito da singileti da gajeren wando mai hotunan dabbar nan ta Sin mai baƙin ido, hularsa kaɗai ke nan daram.

Injin ya yi tari, ya yi wari kamar an ƙona taya, ya yi ƙara ɗaya mai kama da atishawar jaki. Shiru. Hayaƙi ya turnuƙe. Wata tsohuwa Basiniya mai goge dandamali ta shigo da gudu da bokitinta, ta rasa wanda ke cin wuta, ta juye wa Kallamu ruwan gaba ɗaya.

Ni ban yi dariya ba a lokacin. Fasuma nake tunani, da matan da za su sake shekara a kan filafili. Na taka har gaban injin na goge mitar da bakin mayafina.

"Zo ka karanta, Injiniya."

Ya matso yana ɗiga, da gashin kanti guda a kafaɗarsa. "Ɗari uku da… sha biyu."

"Ƙara karantawa da ƙarfi, Souleymane bai ji ba."

"Lokaci ne bai isa ba, Gwaggo. Da an ƙara mini minti biyar…"

"Shekara takwas injin nan yana hannun mai cire haƙori, ko mura bai yi ba. Ya zo hannun masani, minti tara. Mitar ma ba ta san ka zo ba."

Da la'asar Dakta Fong ya zo da kansa a bayan motar da ta kawo ɗan'uwan injin. Ya tsaya gaban mamacin, ya cire hular kaba, ya daɗe yana kallon yadin shadda a naɗe jikin farfela. Sannan ya dubi Kallamu, wanda ke zaune a lulluɓe da buhu, ya yi magana a hankali.

"Me ya ce?" in ji Kallamu.

"Bon," in ji Souleymane, "ya ce yanzu ka yarda bai taɓa mitar ba, ko sai ka gwada na biyun?"

Na ce a faɗa wa likita, in Kallamu ya matso kusa da na biyun da taku goma, ya cire masa haƙora duka, na ba shi izini. Yadda aka yi na biyun ya zama namu, ku tambayi Injiniya ina agogon zinarensa da wayoyinsa uku suka shiga. A kan akwatin na zauna da kaina har aka rufe kwantena ranar Alhamis. Na sa aka cusa mamacin ma a ciki, don dattawan garinmu su ga aikin namijin da suka zaɓa mini.

Injin ya isa kafin ruwa ya cika. Fasuma ta ce yanzu minti ashirin suke ƙetarewa, kuma a wata biyu sangartaccen ya ninka awannin da ya yi a shekara takwas, bai nemi ɗakin hutawa ba. Ƙonannen kuwa an binne gindinsa a bakin mashigi, shi ne turken da ake ɗaure jirgi, ranar kasuwa har awaki. Mata suka sa masa suna Kallamu.

Labari ya dawo Xiaobei, ya iske mai sunan. Kuna zaton ya ji kunya? Makon jiya na same shi a ƙofar Masallacin Huaisheng bayan Juma'a, da sabuwar riga, ya tara baƙi 'yan Kano yana raba musu kati.

"A ƙasar Yawuri akwai injin da aka sa wa sunana," yake cewa. "Tunda na sa masa hannu, bai ƙara shan ɗigon mai ba, bai ƙara zuwa wurin makaniki ba. Ga Gwaggo nan, ku tambaye ta!"

Suka juyo gare ni.

"Duk gaskiya ne," na ce. "Sai dai dattawa sun hana a ci gaba da kiran sa da sunan. Sun ce zalunci ne a kan ƙarfe, don shi tunda ya ƙone ya yi shiru."