Takardar Fasto a Saman Azara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tayar da gidan haya guda a Gusau saboda takarda ɗaya. Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira ce, ina da 'ya'ya biyar, ban fi wata goma da iya haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci ba (amma yadda nake saƙale biro a ɗankwali sai ka ce ni ce akawun gwamna).

Matan zumunta na Tsafe da Bungudu za su zo mana taro, aka ce ni zan yi jawabi a kan gida. Fastonmu ya ara mini takardar da marigayi malaminsa na makarantar Littafi Mai Tsarki ya rubuta masa da hannu. A jiki akwai kalmar Ibraniyanci, bayit, da haruffanta masu kama da ƙafar kujera, ana karanta su daga dama. Ya ce tana nufin ginin, da mutanen cikinsa, da zuriya, har ɗakin Allah. In an jingina ta da wata kalma sai ta koma bet, kamar a Betel, gidan Allah. Ya ce, "Mama, ita ke nan gare ni. Ki riƙe ta da kyau." Na ce, "Fasto, ni ake gaya wa riƙo?"

Ranar Asabar da hantsi na ɗaga matashin kai inda nake ajiye ta, babu takarda. Na zazzage akwati, na kwance lefen da ya shekara ashirin. Sai na fito tsakar gida na ɗaure zani a ƙugu. Na fara da 'ya'yana, na koma kan akuyar mai gidan hayar, na ƙare a ƙofar Inna Asabe, tsohuwa Musulma 'yar Ruwan Bore da ke sayar da daddawa. Na ce duk wadda ta ƙunshe daddawa da Ibraniyanci ta fito da shi, domin a gidan nan ba a san darajar ilimi ba (ni fa, mai wata goma).

Inna ta bari sai da numfashina ya ƙare. Ta ce, "Ke ɗiyata, kin gama? Ɗauko min turmi."

Ta taka turmin da taimakona, ta miƙa hannu cikin azarar ɗakinta, ta zaro takardar a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Bakin rijiya kika yada ta jiya, kina ta faɗa da mai ruwa. Ni ban da karatu, amma na ga rubutun ya tahi ta dama, na ce wagga ba ta rasa sunan Allah. Mi za a yi a bar ta ƙasa ana takawa?"

Sai wata daga cikin matan gidan ta ce, "Mama, akuyar ma a ba ta haƙuri ko?" Dariya ta ɓarke. Ni dai na durƙusa don daɗi da kunya, ina ta "Inna, ki yafe." Ta ce in tashi, in sauke ta daga turmi tukuna.

Na mayar wa Fasto takardarsa ba ko ɗigo a jiki, ban kuma ba shi labari ba sai bayan shekara uku. Tun daga ranar, in abu ya ɓace mini, nakan fara tambayar kaina inda na yi masifa jiya. Galibi a can nake samunsa.