Ranar Da Na Sa Dattawan Kurfi Tura Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da dattawan unguwarmu a Kurfi suka tattare manyan rigunansu suna tura mota, ni kuwa na hakimce a sitiyari ina ba da umarni.

Motar ta mahaifinmu ce, wata tsohuwar wagon fara da yake kai hatsi kasuwar Dutsin-Ma da ita. Tun da Allah Ya yi masa rasuwa take ajiye a rumfar ƙofar gida, lulluɓe da tamfol, har kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin yin ƙwai. Da bikin ƙanena Sani ya matso, na miƙe a taron dangi na ce a motar Baba za a ɗauko amarya daga Karofi. Babu wanda ya roƙe ni. (Ni malamin makaranta ne a Dutsin-Ma, sanina da inji bai wuce bidiyoyin waya ba, amma ɗan fari ba ya son a ji ya ce bai iya ba.)

Ana gobe ɗaurin aure na iso da sabon batir a bayan babur. Gaskiya na yi aiki. Na sa aka ba tayoyi iska, na tsiyaye tsohon fetur da ya koma wari kamar fenti, na canza filogi, na wanke kafireta, na kwashe sheƙar ɓeraye daga cikin bonet. Na murɗa makulli. Injin ya yi ta kuka kamar zai kama, sai ya fasa.

Ina cikin haka Inna ta leƙo daga zaure. Ba ta kiran sunana saboda alkunya, Malam take ce mini. Ta fara cewa akwai abin da ake yi kafin mahaifina ya tayar da motar. Gumi ya jiƙa ni, maƙwabta na kallo, sai na tari numfashinta.

"Inna, ki koma ki ji da baƙi. Wannan ba aikin tukunya ba ne."

Ta dube ni, ta juya ciki.

Washegari bayan ɗaurin aure na shaida wa jama'a cewa turi kawai motar take so. Abokan Baba ne suka fara tasowa, har da Alhaji Mamman mai hatsi da ke fama da ciwon gwiwa, ya ce motar amininsa ba za ta kunyata yana raye ba. Suka tura ni har bakin masallaci, suka juyo da ni. Duk lokacin da na saki kuloci sai ta yi tsalle ta yi shiru. Hular wani ta faɗi a kwata. Da na ga numfashinsu na neman ɗaukewa, na fito na karkaɗe hannu na sanar da cewa injin ya buga, tsufa ne, a nemo bas. (Har bayani na ƙara, da kalmomin da ni ma ban san ma'anarsu ba.)

Sai ga Inna cikin hijabi ta ratso taron maza, matar da ko ƙofar gida ba ta cika tsayawa ba. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta zura hannu ƙarƙashin akwatin da ke gaban gwiwarta. Na ji ƙas.

"Malam, kunna."

Murɗawa ɗaya ta tashi. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, sannan ƙarar nan da muka tashi da ita tun muna yara ta daidaita. Sai dariya ta ɓarke. Alhaji Mamman ya dafa bango ya ce da Hajiya ta fito da wuri, da gwiwarsa ta fi kowa godiya. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na ƙura wa sitiyari ido.

Ashe Baba ya sa an ɓoye wani maɓalli saboda ɓarayi, a gefen da Inna take zama. Duk tafiyar da za su yi ita ke dannawa, mu yara muna baya muna rigimar taga, ba mu taɓa lura ba.

Ba ta fita nan da nan ba. Ta zauna tana sauraron injin, idanunta sun ciko. Da na durƙusa neman gafara bayan an kawo amarya, ta ce ta ji haushina, amma ba haushin kaɗai ya rufe mata baki ba: ba ta yi marmarin jin wannan ƙarar ba tare da mai ita a kujerarsa ba. Tausayin tsofaffin ne ya fito da ita.

Har yau a Kurfi Injiniya ake kirana, kuma na san ba yabo ba ne. Yanzu ko rediyo ce ta ƙi kamawa a gidanmu, kafin in nemi sukudireba sai na fara zuwa na gaishe da Inna, in kuma bari ta kai ƙarshen maganarta.